Kawu Kalilu da Babbar Bindigar Fenti

"Ƙaramar za mu saya, Kawu."

"Babbar."

"Ƙaramar! Ga shi an rubuta a jikin kwalin..."

"Ke Sauda, kwali ya taɓa fenta mota? Ni na fenta. Babbar."

Mun fi rabin awa muna wanga ja-in-ja cikin shagon Chimezie mai kayan fenti a kasuwar Birnin Kebbi, har mutumin ya gaji da tsayuwa ya jawo benci ya zauna shina cin gyaɗa shina kallonmu.

Bari in gaya muku abin da ya kai mu, da sauri, don ni ban iya dogon bayani ba. Shekarata sha biyar, a Nassarawa muke. Wata huɗu na yi ina ƙera gingimari da gwangwanin madara. Ba irin wadda ake ja da zare ba fa. Tsawonta ya kai hannuna, ƙofofinta na buɗewa, in ka murɗa sitiyari tayoyin gaba na juyawa. Tayoyin guda goma ne, da tsofaffin silifas na yanka su, a bodi kuma buhunan shinkafa 'yan mitsi-mitsi da na ɗinka na cika da yashi. Malamarmu ta gani ta ce ni zan wakilci makarantarmu a gasar sana'ar hannu ta 'yan mata a Argungu ran Asabar. Ranar da muke shagon kuwa Alhamis ce. Abu guda ya rage, fenti. Na gwada shafawa da gashin kaza a kan wani ɗan keke napep da na ƙera bara, ya fito layi-layi, muni kamar mi.

Ni kuma bana Allah ya buɗe min karatu. Bara in an miƙo min takardar Turanci sai zufa. Yanzu babu abin da nake bari, kwalin magani, buhun taki, bayan motar haya, har takardar da anka ƙunso ƙosai. Inna ta ce na zama annoba a gidan. A wayar Malama na karanta cewa akwai wata 'yar bindigar feshi ta masu ƙera ƙananan motoci, fenti na kwantawa da ita sumul. Inna ta yarda za ta saya min, amma ta ce ba ni shiga kasuwa ni kaɗai, sai dai ƙanenta ya raka ni. Wato Kawu Kalilu.

Kawu Kalilu ya taɓa zama a wani garejin gyaran jikin mota a Kaduna. In shi ke ba da labarin, shekara uku ya yi. In Inna ce, sati uku, kuma an koro shi ne don ya fesa wa wata mota fenti har da gilashin gaba. Tun daga nan dai ya ce a riƙa kiran shi Injiniya.

Chimezie ya jera muna guda uku a kan tebur. Ta farko kamar biro take, da ɗan kofi a sama wanda bai fi kan babban yatsa ba, ga allura a ciki siririya, kuma tana zuwa da ɗan injin iskanta kamar sunƙin burodi. Ta biyu da 'yar kwalba a ƙasa. Ta ukun kuwa, wadda Kawu ya rungume a ƙirji, kofinta ya kai butar alwala.

"Oga Injiniya," in ji Chimezie, da Hausarshi da ta fi tawa daɗi, "shekara ashirin ina sai da kayan ga a garin ga. Yarinya ta fi ka gaskiya. Wagga ƙaramar, ka danna iska ta fito, ka ja baya fenti ya biyo, za ta zana maka layi kamar gashin kai. Waccan ta ƙofar gareji ce da bangon makaranta."

"Kana ganin ban san aiki ba?"

"Ban ce ba."

"Ni a Kaduna, wagga ƙaramar, turare muke fesawa da ita."

"Kawu, ga takardarta," na ce, na zaro ta daga kwalin babbar. "An ce don manyan motoci, da ƙyauren ƙarfe, da..."

"Takarda ta waɗanda ba su sani ba ce. In munka je Argungu da abin ga kamar biro, mi mutane za su ce? Su ce gidan su Balaraba an tsiyace?"

Balaraba sunan Inna ne. Kuɗin kuma a aljihun Kawu suke.

"Ba ta zuwa da injin iska fa," in ji Chimezie. "Kuma in fenti ya shiga cikinta, ba ni amsar ta in an maido."

"Iska? Iska ce matsala a Kebbi? Hammadu mai faci shina da injin da ke cika tayar tirela."

Babbar dai anka saya. Muna fita Chimezie ya yafito ni ya ce a hankali, "Ƙanwata, ina da ƙaramar da nake gwaji da ita a bayan shago. In abin ya ƙi, kawo motar ki fesa a nan. Ni ma ina son in gan ta."

"Ba za shi ƙi ba!" Kawu ya ɗago murya daga waje. Ashe kunnenshi na nan.

Da la'asar munka isa rumfar Hammadu a bakin titin unguwarmu. Hammadu dattijo ne mai farin gemu, bai son hayaniya. A gefen rumfar tashi maƙwabciyarmu Gwaggo Riskuwa ta shimfiɗa tamfol ta shanya shinkafar da ta turara, tana zaune da doguwar sanda tana korar kaji. Akuyar Inna ma ta biyo mu, don ita duk inda taro yake tana nan.

Kawu bai iya yin abu shiru ba. Kafin a haɗa tiyo ya tara mutane, masu shayi, 'yan kabu-kabu, har mai yankan farce.

"Ku matso ku ga aikin Kaduna! Kawo motar, ɗiyata."

"Ban kawo ta ba."

"Mi?"

"Takarda ta ce a fara gwadawa a kan abin da ba a so." Na ajiye mishi ɗan keke napep ɗin bara a kan bulo. Wallahi cikin duk abin da na yi a rayuwata wanga ne na fi gode wa Allah a kai.

Ya buɗe gwangwanin fenti kore ya tuttula cikin kofin haka nan, da kaurinshi.

"Kawu, an ce a tsinka shi sai ya koma kamar madara."

"Madara ta jarirai ce. Fentin maza kamar kunun tsamiya yake. Hammadu, ba ni wuta!"

Hammadu ya ta da inji. Kawu ya gyara tsayuwa, ya rufe ido guda, ya danna. Bindiga ta yi tari. Ta sake tari. Sai ta tofo wani ƙullutun fenti guda, ya tafi luuu ya sauka a kan takalmin mai shayi.

"Wanga shi ne aikin Kadunan?" in ji mai shayi.

"Gaisuwa ce. Tana ɗumama jiki."

"In haka take gaisuwa, kada ta tambaye ni iyali."

Kawu ya ga ana dariya, sai ya ce a miƙo mishi fetur. Takarda ta ce tina, wato ruwan tsinka fenti, kuma kaɗan-kaɗan, na faɗa mishi har sau uku. Ya amshi kwalba guda wurin mai bumburutu ya juye rabi a kofin, rabi a gwangwanin, ya motsa da tsinke. Sannan ya ce wa Hammadu ya ƙure iska.

"Kalilu, wagga iskar taya take fasawa."

"Ƙure ta, Baba. Ni na san hannuna."

Ya danna.

Ni dai ban ga lokacin da keken ya bar kan bulo ba. Ƙara kawai na ji, fuuu, sai na hango shi a sama shina juyi, ya ƙetare kan akuya ya faɗa tsakiyar shinkafar Gwaggo Riskuwa. Marfin gwangwanin ma ya bi shi, har yau ba a gan shi ba. Wani koren hayaƙi ya tashi ya rufe rumfar. Kawu kuwa maimakon ya saki, sai ya ruɗe ya juyo da bindigar shina tambayar mi ya faru, duk inda ya juya sai an watse. Da ƙyar Hammadu ya kashe inji.

Da hayaƙin ya lafa, gemun Hammadu kore. Gefen akuya guda kore. Kwata guda na shinkafar Gwaggo kore shar kamar ta koma fadama.

Gwaggo Riskuwa ta miƙe a hankali da sandarta.

"Kalilu."

"Na'am, Gwaggo."

"Tun asuba nake kan wuta da shinkafar ga."

"Gwaggo, ai a Kaduna shinkafa mai kala..."

"Ƙarasa. Ƙarasa in ji, don Allah."

Bai ƙarasa ba. Ya kwashi bindiga da gwangwani ya yi gida, Gwaggo na biye tana ambaton kakanninshi ɗaya bayan ɗaya. Hammadu ya shafa gemu ya dubi hannunshi ya ce min, "Ɗiyata, gaya wa kawunki, ko tayar kekenshi ta sace kada ya biyo ta nan."

A gida sai da Inna ta auna wa Gwaggo shinkafa daga buhunmu sannan anka samu lafiya. Akuya kuma ta sa baki cikin gwangwanin fenti tun da babu marfi, shi ne Kawu ya ɗauke shi ya ɗora a kan katakon da ke saman ƙyauren zaure.

"Nan ko ta yi fiffike ba ta kai," ya ce.

"Sauke shi," in ji Inna. "Katakon ga ko iska ta buga ƙyaure rawa yake."

"Yaya, ni Injiniya ne."

Ran Juma'a na ce to, a koma wa gashin kaza, layi-layi ya fi babu. Na hau kujera na tsoma gashin. Ina! Fetur ya mai da fentin ruwa, in na shafa a gwangwani sai ya gangare ya bar wurin fes. Na zauna na dafe kai. Saura kwana guda, motata tsirara, duk jikinta sunan madara.

Sai ga hayaniya a ƙofar gida.

Kawu ne. Ya samo tif ɗin tayar tirela, ya tafi har Gesse wurin wani mai facin da bai ji labari ba tukuna, an cika mishi shi tim, ya gangaro shi tun daga can. Dabarar ita ce a ɗaura tiyo a bakin tif, ga iska ba sai da inji ba. Ya turo shi cikin zaure, tif ya shiga rabi ya tsaya. Gaba ya ƙi, baya ya ƙi.

Inna kuwa ta ci ado za ta gidan suna.

"Kalilu, mi ne wanga a ƙofata?"

"Ci gaba ne, Yaya," muryarshi ta fito daga bayan tif.

"Cire min ci gabanka in wuce."

"Ki ɗan tura daga nan."

"In tura? Da leshina?" Ta juya ta ce, "Sauda, miƙo min allura."

"Yaya! Don girman Allah! Tun daga Gesse!"

Maƙwabta sunka taru suna ja, Gwaggo Riskuwa na gefe tana ba da shawarar a huda shi, da shi da mai shi. Da ƙyar anka fizgo shi waje. Kawu ya ce a jefo shi ta katanga. Anka jefo, ya dira a tsakar gida, ya yi tsalle ya kifar da tukunyar miya, ya sake tsalle kaji sunka watse. Inna ta dubi miyarta a ƙasa ta ce ta rantse babu mai fesa ko ruwa a gidanta.

Na ce shi ke nan, ni zan ruga shagon Chimezie. Ashe shi ma ran Juma'ar ya tafi Sakkwato sarin kaya, shago a kulle. Na dawo kamar in yi kuka.

Kawu kuwa ko a jikinshi. "Allah ne ya tsara haka," ya ce. "A Argungu za mu fesa, gaban alƙalan. Su ga fenti na sauka da idonsu. Wa zai ja da mu?"

"Kawu, ka wanke bindigar? An ce a wanke ta nan take in an gama, in ba haka ba fenti ya bushe a ciki."

"Soja na wanke bindiga tsakiyar yaƙi?"

Ran Asabar da safe munka shiga motar Argungu. Malama ta riga mu tafiya, ni kuma Inna ta ce dole da namiji a tare. Na rungume gingimarina cikin kwali a kan cinya. Kawu ya sa babbar riga fara, ya cika kofin bindiga daga gwangwanin ya mai da sauran saman ƙyaure, tif kuma anka ɗaure shi a saman mota bayan doguwar rigima da direba. Rana na dukan shi shina ƙara kumbura, igiya na ƙara, ƙiii, ƙiii.

Wata tsohuwa a bayanmu ta taɓo shi. "Ɗana, kamun kifi za ka?"

"A'a, Inna."

"Na ga mutanen Argungu da gora suke shiga ruwa, na ce ko ku na birni da wanga kuke yi."

"Kayan aikin injiniya ne."

"Allah sarki. Allah ya ba da lafiya."

A Argungu an kafa rumfuna a filin wata makaranta. 'Yan mata daga ko'ina, masu tabarmi, masu huluna, masu tukwane. Wata 'yar garin ta sassaƙa kwale-kwale da masunci a ciki riƙe da homa, fentinta sai ƙyalli yake. Na ajiye motata a teburin da anka ba ni, ina jin wasu na cewa, "Laa, ta madara ce."

A bakin rumfa an manna takardar dokokin gasa. Kun san ni. Na tsaya na karanta tun daga sama, har na kai doka ta huɗu. Na koma da gudu, na samu Kawu ya riga ya gangaro tif har gaban teburina shina ɗaura tiyo da robar keke.

"Kawu, tsaya! Doka ta huɗu. Duk aikin da wani babba ya sa wa hannu, an fitar da shi daga gasa."

"Wa ya ce?"

"Takarda."

"Takarda kuma! Ke wai takardar ga uwarki ce?"

"Yarinya ta karanta daidai."

Munka juya. Wata Hajiya ce cikin farin leshi da farin mayafi, da tabarau a kan hanci, alƙalai biyu maza na biye da ita. Malama ta raɗa min cewa ita ce Hajiya Ummu Hani, shugabar alƙalan, tsohuwar shugabar makaranta ce, kuma ba ta wasa.

"Malam, in ka taɓa motar ga, ta fita," ta ce.

Na ce to Allah ya raba ni. Ashe ban san Kawu ba.

"Ranki ya daɗe, ai ba taɓawa zan yi ba. Nuni kawai. A kan kwali. Don ɗiyan ga su ƙaru da ilimin zamani." Ya ɗauki kwalin da na kawo motar a ciki ya jingina a ƙafar tebur. "Ku matso! Injiniya Kalilu, Kaduna, shekara biyar!"

Shekarun sun ƙaru a hanya.

Mutane sunka matso kuwa, har masu sai da ruwa. Ya ɗaga bindiga, ya rufe ido guda, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Wani ɗan sauti ya fito, tsiii, kamar sauro.

"Ta toshe, Kawu. Na gaya maka, an ce..."

"Ba ta toshe ba. Kunya take ji."

Ya tsinko ƙaya a jikin shinge ya soka a bakin ya jujjuya. Ya girgiza. Ya buga ta a gwiwa. Wani daga baya ya ce, "Injiniya, ko a tura?" Wani ya ce, "A ba ta shayi!" Hajiya Ummu Hani ta duba agogo.

"Iska ce ta yi kaɗan," in ji Kawu. Zufa ta fara keto mishi. "Yanzu za ku gani."

Ya tattare babbar riga, ya ja baya taku uku, ya zo da gudu ya faɗa zaune a kan tif ɗin da ya wuni cikin rana, yatsanshi a kan kunamar bindiga.

Ni dai jikina ne ya yi tunani kafin kaina. Na faɗa kan motata na lulluɓe ta da hijabi.

Na ji fat! Na ji wani abu mai sanyi ya sauka a bayana. Na ji salati ta ko'ina, da kujeru na faɗuwa. Sai kuma wani dogon kuka, fiiiiii, tiyo ya kuɓuce shina bulala a ƙasa, tif na sacewa a ƙarƙashin Kawu, shi kuma shina yin ƙasa a hankali, a hankali, har ya zauna daɓas a turɓaya.

Da na ɗago, Kawu kore ne tun daga hula har ciki, don marfin kofin ya tashi rabin fentin ya dawo mishi. Idanu kawai ke fari. Alƙali guda ya shige ƙarƙashin tebur. Hajiya Ummu Hani kuwa tana tsaye inda take, ba ta ko motsa ba, farin mayafinta ya koma ɗigo-ɗigo kamar zabuwa, tabarau ido guda a rufe.

Ta cire tabarau, ta goge da gefen mayafi, ta mayar.

"Malam Injiniya."

"Ranki... ranki ya daɗe."

"Shekara nawa ka ce ka yi a Kaduna?"

"Sati uku ne."

Dariyar da anka yi, na tabbata an ji ta har bakin gulbi. 'Yan mata na riƙe ciki, Malama ta tusa mayafi a baki, alƙalin da ke ƙarƙashin tebur ma daga can yake tashi dariyar. Masu gadi biyu sunka kama Kawu sunka raka shi bakin ƙofa, shina jan saɓaɓɓen tif shina cewa iskar Argungu ce ba ta da kyau.

Ni ban yi dariya ba. Na ɗaga hijabi a hankali. Ko ɗigo bai taɓa motar ba.

Hajiya ta matso ta duƙa. Ta buɗe ƙofar direba ta rufe. Ta murɗa sitiyari, tayoyi sunka juya. Ta ɗaga buhu guda ta jinjina.

"Wa ya yi miki maƙalar ƙofar ga?"

"Ni, Hajiya. Da wayar birkin keke."

"Mi ya hana ki fenta ta?"

Na dubi bakin ƙofa. Ita ma ta duba.

"Na gane," ta ce.

Mai kwale-kwale ta zo ta ɗaya, kuma ta cancanta, ba ni ƙarya. Ni na zo ta biyu. Biyun farko kuma su za su gasar jiha a Birnin Kebbi bayan sati uku. Da Hajiya ke miƙo min takardar shaida, da ɗigon kore har a kunnenta, ta riƙe hannuna ta ce, "Da fenti da kin ba mai kwale-kwale wahala. Ki fenta ta da hannunki. Kuma in na ga wancan mutumin ko a bakin titi ne, na fitar da ke."

Direbobi uku sunka ƙi ɗaukar Kawu. Na huɗu ya yarda bisa sharaɗin ya zauna a kan buhu a but.

Washegari da hantsi ina tsakar gida ina karanta wa Inna takardar shaidar, karo na shida, sai ga Kawu ya fito. Ya yi wanka da kananzir har sau uku amma kunnuwa da gira sun ƙi. Na ɗauka kunya za ta sa ya yi kwana biyu bai magana. Ya jawo kujera ya zauna ya harɗe.

"To, alhamdu lillahi, mun zo na biyu."

"Mun?" in ji Inna.

"Ba don nunin da na yi ba, Hajiyar za ta tsaya a teburin? Talla ke nan, Yaya. Yanzu na gano inda matsalar take. Tif ya yi ƙarami."

Na ajiye takarda.

"Na yi magana da wani abokina mai noman shinkafa a fadama, za shi ara min injin ban ruwa. In munka juya shi ya koma hura iska..."

Na tashi na shiga ɗaki, na sa motata cikin sabon kwali, na yafa hijabin Inna tun da nawa ya tashi aiki.

"Ina za ki?" ya ce.

"Shagon Chimezie. Ya dawo."

"Wurin abin turaren ga? Haba ɗiyata! Ki tsaya ki ji lissafin." Ya biyo ni cikin zaure. "Sati uku fa muke da shi. Ni a sati uku na koyi aikin ga gaba ɗaya!"

"Na gani, Kawu."

"To ba ni motar in auna ta kawai. Aunawa ba taɓawa ba ce. Sauda! Ke Sauda, ina magana kina tafiya?"

Ya iso daidai bakin ƙofa lokacin da na sa ƙafa waje. Wallahi na manta da abin da ke saman katakon. Inna ta ce ban manta ba, amma ni na san na manta. Na kama ƙyauren da hannu guda na maka shi da duk ƙarfina, garam!

Na ji ƙwal, na ji shaaa, na ji "Innalillahi!" Sannan na ji dariyar Inna tun daga tsakar gida, da Gwaggo Riskuwa ta kan katanga tana tambaya ko a kawo mishi madubi.

Ban waiga ba. Na gyara riƙon kwalina na tare mai keke.